Mai Jan Sakata

A rufin rumfar filinmu na harbin faranti, irin na yumɓu da inji ke cillawa sama a harba, akwai wani rami da kan mutum zai shige ta ciki. Shekara talatin da ɗaya ruwa na zuba ta nan. Sau uku muna haɗa baki a liƙe shi, sau uku Tarcisio Belleri na cewa sai bayan ransa. Duk sabon mutumin da ya zo, kafin ma ya san inda bayi yake, sai Tarcisio ya tsayar da shi ƙarƙashin ramin, ya nuna masa sama da haɓa.

"Mai wannan aikin ma cewa ya yi sakata na kulle."

Tarcisio shi ne alƙalin filin, shi ke riƙe da ƙahon da ake busawa idan mutum ya kuskure faranti. Ni kuwa Oreste ne, mai aski a bakin dandalin garinmu. Shekara arba'in ina yi masa gyaran fuska duk Asabar, amma bai taɓa barina na ɗora masa aska a wuya ba sai ya karɓa ya duba bakinta a haske. Ni, abokinsa tun muna zuwa makaranta da gajeren wando. Haka Allah ya yi shi: ko ruwa ka ce masa ana yi, sai ya miƙa hannu ta taga ya taɓa.

Yana da shekara goma sha huɗu ya shiga wata 'yar maƙerar bindigogi a gindin kwarinmu, kamar yadda ubansa ya shiga. Ya yi shara, ya yi gugar ƙarfe, har ya kai teburin ƙarshe, inda kowace bindiga ke bi kafin ta fita. Aikinsa ɗaya ne. Ya buɗe ta, ya leƙa bakunan biyu, ya rufe, ya gwada kunama, sannan ya ja sakata ya bar ta a kulle, ya jingine ta a layi, ya ɗauki ta gaba. Bindiga sittin a rana, shekara arba'in da bakwai. Yaran maƙerar ne suka fara kiransa Maestro, wato ubangidan sana'a, mu ma muka ɗauka.

Sakatar nan wani ɗan ƙarfe ne a wuyan bindiga, daidai inda babban yatsa ke sauka. Ka ja shi baya, kunama ta ƙi motsi. To mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gwada ta, shi ne bai yarda da ita ba ko na anini. Yakan ce kunama kaɗai take riƙewa, abin da ke ciki yana nan a ɗane, bindiga ta faɗi ƙasa da ƙarfi sai ta yi magana. Saboda haka a filinmu ba mai dogara da ita. Ka sauka daga wurin tsayawarka, bindigarka a buɗe take, a rataye a hannu, ba harsashi, kowa na hango ramukan biyu daga nesa. Wuri ɗaya ake rufe ta ba a kan layin harbi ba, shi ne a ma'ajiya, kuma babu komai a cikinta. Sakata kuwa mun tura ta gaba mun manta da ita. Ni kam na fi shekara ashirin ban taɓa tawa ba.

Dokar da ta fi kowace zafi shi ya rubuta ta da hannunsa a allo: kada ka taɓa bindigar wani sai shi ya miƙa maka. Wanda ya taɓa ya bar filin, kuma takarda ta bi sauran filayen kwarin da sunansa. Ba wasa yake ba. Ɗan ƙanwarsa ya taɓa ɗaga wata don ya ga kyan katakonta, yau shekara tara ke nan yaron na kamun kifi ranar Lahadi.

A kakar bara aka yi masa ritaya daga maƙera, aka ba shi agogo. A watan kuma ruwan ramin nan ya ishe mu da jiƙa bindigogi, muka ɗauke ma'ajiya daga rumfa muka kai ta cikin lungun da ke bi zuwa bayi da ɗan ɗakin da Tarcisio ke ajiye ƙaho da takardun maki. A watan dai Efisio Cadeddu ya fara zuwa filinmu.

Mutumin tsibirin Sardiniya ne, makanikin manyan motoci, gajere, ba ya son magana. Ya girma yana farauta a duwatsun garinsu, ya shigo mana da halin mafarauta: bindiga a rufe a kafaɗa, yana tafe hankali kwance. Kowa ya juyo yana kallonsa. Tarcisio ya taso.

"Bawan Allah, buɗe ta."

"Sakata na kulle, Sinyor."

Har yau ina jin tausayinsa idan na tuna. Tarcisio ya kai shi ƙarƙashin rami, ya yi masa karatun nan gaban mutum ashirin, har Nives mai dafa mana abinci ta leƙo da ludayi a hannu. Efisio ya buɗe bindiga, kuma daga ranar bai sake rufe ta a inda bai kamata ba. Sai dai bai daina jan sakatarsa ba. Yakan ja ta idan ya gama, ya tura ta da yatsa yayin da bindiga ke hawa kafaɗa. Ba dokar da ta hana, amma Tarcisio ya sa masa ido. Ga shi kuma ya iya harbi, abin da ya fi ba mu haushi ke nan.

Wanda abin ya fara faɗa wa shi ne Giacinto mai kantin magani, gwaninmu, wanda ya cinye cukun da ake ba zakaran gasar bikin gari sau shida yana kuma ba mu labarin kowanne. Ya tsaya, ya sa harsashi, ya ɗora a kafaɗa, ya yi kira a saki faranti. Faranti ya fito daga ramin inji ya yi sama, ya tafi abinsa har ya sauka a ciyawa lafiya lau. Ba ƙarar harbi. Idan haka ta faru ba ka buɗewa, ba ka taɓa komai, sai alƙali ya zo ka miƙa masa. Tarcisio ya karɓa, ya dubi wuyanta, ya busa ƙaho.

"Sifiri. Sakata na kulle."

"Wace sakata? Maestro, tun da na sayi bindigar nan ban taɓa abin nan ba."

"To ita ta ja kanta. Sifiri."

Muka yi dariya, muka ce tsufa ne. Lahadi ta gaba sai ta faɗa wa mutum biyu. Ta gaba kuma ni. Na danna kunama na ji ta kamar dutse, faranti na yi min gwalo a sama, ƙaho ya tashi a bayana. Daga nan dariya ta ƙare.

Za ka ce ai da sauƙi, kowa ya duba sakatarsa kafin ya yi kira. Mun gwada. Ka duba yau, ka duba mako mai zuwa, na uku hankalinka na kan faranti ka manta. Kuma ba farantin ne ya dami Tarcisio ba. Ya tara mu a rumfa, fuska ba annuri.

"Akwai hannun da ke yawo a kan bindigoginku ba ku sani ba. Hannun da ya ja sakata yau, gobe zai iya zura harsashi. Zan kama shi, ko wane ne."

Wallahi hunturun nan bai yi daɗi ba. Mutanen da suka yi shekara talatin suna cin tuwon masara a tebur ɗaya suka koma kallon juna ta gefen ido. Mutum ya tashi zuwa bayi, sai ka ga wani ya bi shi wai zai wanke hannu. Giacinto ya so ya riƙa zuwa tebur da bindigarsa, Tarcisio ya ce ba a haɗa bindiga da giyar inabi a wuri ɗaya. Ni kaina sai da na zargi Giacinto, na ce ko shi ya fara yi wa kansa don ya kawar da ido. Na zargi Nives, don ta daɗe tana cewa mun fi ƙaunar ƙarfe da matanmu. Ashe shi ma Giacinto ni yake zargi, wai mai aski hannunsa ba ya zama wuri ɗaya.

Amma duk inda zance ya zaga, kan Efisio yake sauka. Da zuwansa abin ya fara. Shi kaɗai ke wasa da sakata. Shi kaɗai kuma bai taɓa rasa faranti ta wannan hanya ba, yana ta hawa sama a takardar maki, gasar biki na matsowa. Ruwa ba ya tsami banza, in ji Giacinto. Ni kuma, don kada in yi ƙarya, ni na fi kowa yaɗa maganar. Duk wanda ya zauna a kujerata sai ya tashi da gyaran fuska da labarin ɗan Sardiniya. Har aka daina kai masa motoci daga unguwarmu.

Wata rana shi da kansa ya shigo aski. Na yafa masa ƙyalle, muna kallon juna ta madubi.

"Sinyor Oreste, an ce kai ka ce ni ne."

"Ni ban kama suna ba. Amma ka san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

"Shekara uku ina garin nan," in ji shi, "wurin nan ne kaɗai nake zuwa in zauna da mutane."

Na gama, ya tafi, na ce a raina dubi yadda ya iya marairaicewa.

Ran Asabar ɗin da ta rage mako biyu a yi biki, Tarcisio ya duba askata, ya miƙo min, ya ce in rufe ƙofa. Ya zaro takarda daga aljihun ƙirji ya nuna min. Wasiƙar kora ce zuwa filayen kwarin, da sunan Efisio, kwanan wata kawai ya rage.

"To me kake jira, Maestro?"

"Ban gani da idona ba. Ba na korar mutum a kan zancen shagon aski."

Wannan da ni yake, na haɗiye. Sai ya faɗa min dabararsa, irin ta maƙera. Idan suna son sanin inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe, baƙin hayaƙi suke shafawa, duk abin da ya goga sai ya ɗauka. Sakata baƙa ce, hayaƙi baƙi ne, ba mai gani. Mutum uku za su ba da bindigoginsu: ni, da Giacinto, da wani tsohon direban bas mai riƙe sirri.

Da sassafe ran Lahadi, kafin kowa ya zo, muka kunna kyandir a lungun, muka tara hayaƙi a bayan cokalin Nives. Kowa ya shafa wa tasa da tsohon burushin askina. Tarcisio na tsaye nesa, hannuwa a baya, yana ba da umarni.

"Zo mana ka gyara min tawa," in ji Giacinto, "kai ka san aikin."

"Ba na taɓa bindigar mutum."

Muka wanke hannu a gabansa har sau biyu, ya duba yatsunmu ɗaya bayan ɗaya. Mu uku muka ce yau ba mu jin harbi sai bayan abinci, muka bar su a ma'ajiya.

Ban ji ɗanɗanon abincin ranar ba. Idona na kan bakin lungu. Mutum takwas na ƙirga sun shiga bayi sun fito. Efisio na cikinsu, ya zo daga coci da farar riga mai dogon hannu, kuma na rantse ya ɗan daɗe. Da aka kawo gahawa Tarcisio ya tashi kamar kullum, ya shiga ya ɗauko ƙaho da takardun zagaye na biyu, ya dawo ya yi wa Giacinto alama. Giacinto ya shiga ya leƙa, ya fito yana haki.

"Duk ukun. An ja su duk."

Tarcisio ya tsaya a bakin ƙofa, ya bayyana wa mutane abin da muka yi, a taƙaice. Ya ce kowa ya ɗora hannuwansa a tebur, tafi sama. Mutum goma sha tara. Wasu na gunaguni, wani ya ce shi ba ɗan firamare ba ne, amma kowa ya ɗora. Ya bi su a hankali yana sunkuyawa, maiƙon nama, jan inabi, ba baƙi. Ya bar Efisio a ƙarshe da gangan.

Sai a lokacin na ga ramin da ke cikin dabarar tamu. Hannun makanike ne. Baƙin mai ya zauna a kowace tsaga ta yatsunsa, irin wanda sabulu ya daɗe da sallamawa.

"Ga shi nan," in ji Giacinto. "Rana dubu ta ɓarawo."

"Man inji ne," in ji Efisio. "Kullum haka hannuna yake, kun sani."

"Mun san dai abin da muka sani."

"Yi shiru, Giacinto," in ji Tarcisio. "Na san mai, na san hayaƙi."

Ya ajiye ƙaho, ya kama wuyan hannun Efisio, ya juya shi wajen hasken taga. Ya daɗe yana kallon babban yatsan. Na ga ransa bai so abin da ya gani ba, don ya so a ce hayaƙi ne. Ya saki hannun, ya buɗe baki zai yi magana.

A kan farin hannun rigar Efisio, daidai inda Tarcisio ya riƙe, ga shatin babban yatsa baƙi ƙirin, sabo, har layukansa sun fito.

Ni na gani, Giacinto ya gani, na kusa duk sun gani. Efisio ma ya gani. Abin da ya yi shi ne abin da har yau ke hana ni sakewa: ya ɗora ɗaya hannunsa a kai ya rufe, ya kawar da kai kamar ba komai. Mutumin da muka yi wata biyar muna cin namansa.

Amma wa zai ɓoye wa Tarcisio abu?

"Ɗauke hannunka."

"Ba komai, Maestro, tun a gida ne."

"Ɗauke, na ce."

Ya ɗauke. Tarcisio ya dubi shatin, ya ɗaga hannunsa na dama ya juya shi. Ya dubi yatsan kamar na wani ne aka liƙa masa. Ya juya ya shiga lungu, muka bi shi a baya kamar masu rakiyar gawa. Ya tsaya a farkon ma'ajiya, ya yi tafiyarsa ta kullum zuwa ɗakin ƙaho, a hankali, yana kallon hannunsa. Wuyan bindigogin na daidai inda hannun ke lilo. Da idona na ga yatsan ya miƙe da kansa wajen ta farko, sai da ya fizge shi.

"Tun yaushe aka kawo ma'ajiyar nan?" ya tambaya.

"Tun kaka," na ce.

"Tun da na bar aiki."

Nives ce ta yi magana daga baya, a hankali. Ta ce ta taɓa ganinsa sau ɗaya tun kafin Kirsimeti, yana wucewa yana kallon takarda, yatsa na aikinsa, ta zaci dubawa yake irin ta alƙali. Na juya zan sauke mata kwandon masifa, me ya hana ta faɗa, sai na tuna bakin wa ya fi yin ɓarna, na fasa. Sakatar Efisio kuwa kullum a kulle take, yatsan bai taɓa samun abin ja a kanta ba.

Muka shiga ba shi baki. Giacinto ya ce ai ba da niyya ba ne, a mayar da ma'ajiya rumfa a wuce wurin. Direban bas ya ce sabo ne, kowa da nasa. Efisio ma ya ce shi ya yafe, a bar maganar.

"Ɗan ƙanwata ma ba da niyya ya yi ba," in ji Tarcisio. "Allon bai ce da niyya ba."

Ya zaro wasiƙar, ya nemi biro. Ya soke sunan Efisio da layi ɗaya, ya rubuta nasa a sama, ya sa kwanan wata, ya miƙa min in kai gidan waya. Na ce ba zan kai ba. Ya ce to zai kai da kansa, kuma na san zai kai. Sannan ya tsaya gaban Efisio.

"Sinyor Cadeddu, na zalunce ka. Gaban mutanen nan na yi, gabansu nake faɗa."

"Haba, Maestro, wa zai busa mana ƙaho?" in ji Giacinto. "Mun yarda da kai."

"Ni ban yarda ba. Hannun da ban san abin da yake yi ba, ba zan bar shi kusa da bindigoginku ba. Da na wani ne, da me zan yi?"

Duk mun san me zai yi. Ya ba Nives ƙahon, ya ɗauki hularsa, ya bi ta ƙarƙashin ramin ya fita. Na yi kuka a bayi, ba na jin kunyar faɗa.

Efisio ne ya ci cukun bana, da faranti ɗaya ya wuce Giacinto. Na je garejinsa na ba shi haƙuri, ya karɓa, amma wani wuri yake zuwa aski, kuma ban ga laifinsa ba. Nives ke busa ƙaho yanzu, ta ma fi Tarcisio rashin mutunci. Ramin rufin yana nan, ba wanda ya sake kawo zancen liƙe shi.

Duk Lahadi Tarcisio na zuwa. Yana tsayawa bayan shingen waya, wajen da ake ajiye motoci, hannuwa biyu a aljihun kwat, har a tashi. Mun kai masa kujera ya ƙi. Makon jiya Efisio ya gama zagayensa, ya fita har wajen, bindiga a buɗe a hannu, ya miƙa masa ta saman waya.

"Maestro, kunamar nan ta yi min nauyi. Duba min. Ni na miƙa maka, allo bai hana ba."

Tarcisio ya leƙa bakunan biyu daga inda yake, ya ga haske ta cikinsu. Ya daɗe yana kallon wuyanta. Ina kusa, na ga aljihunsa na dama yana motsi.

"Kai wa wani," in ji shi.

Bai fitar da hannun ba.